Wane Kwali Ya Dace da Bishiyar Gona? Kwatanta Takardun Shaidar Aikin Itatuwa ta Fuskar Gaya da Ajingi

Tsakure

Takardar ta kwatanta hanyoyin samun shaidar ƙwarewa a aikin kula da itatuwa waɗanda matashin Gaya ko Ajingi zai iya bi, wato difloma, da digiri, da takardun ƙasashen waje, da tsarin shaidar sana'o'in hannu na hukumar ilimin fasaha ta ƙasa, NBTE. Hujjarta ita ce makarantunmu ma'aikacin daji suke horarwa, alhali yawancin itatuwan wannan yanki a gona da bakin kasuwa da ƙofar gida suke tsaye, kowacce da mai ita. Don haka darajar kowane kwali tana ga abu biyu: ƙofar aikin da yake buɗewa, da abin da aka gwada mai shi a kai kafin a ba shi.

Inda itatuwan suke



Gaya da Ajingi ƙananan hukumomi ne a gabashin Jihar Kano, maƙwabtan Jigawa, kuma su da Albasu ne suka haɗu a mazaɓar tarayya ɗaya da masarautar Gaya ta yanzu. Ƙidayar 2006 ta ba Gaya mutum fiye da 200,000, Ajingi fiye da 170,000. Damina gajeriya ce, daga Yuni zuwa Satumba, ƙasar kuwa jigawa ta fi yawa. Duk wanda ya bi hanya daga Wudil ya nufi Gaya ba zai ga wani dajin kirki ba. Gonaki zai gani sun haɗe da juna, da itatuwa tsilli-tsilli a cikinsu: gawo, kuka, ɗorawa, tsamiya, kanya, aduwa, magarya, marke, sai darbejiya da ta mamaye cikin garuruwa da harabar makarantu.

Wannan shimfiɗa ba haɗari ba ce, aikin hannun manoma ne. Marigayi Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero, ya shafe shekaru yana nazarin karkarar Kano mai cunkoson jama'a. A littafin Wood Fuel in Kano na 1990, shi da abokan aikinsa sun nuna cewa yawan mutane bai kawar da itatuwan gona ba, domin manomi yana tsaron bishiyarsa kamar yadda yake tsaron sauran dukiyarsa, itacen girkin birni kuma daga nesa ake ƙara jigilarsa. A al'adarmu ana gadon ɗorawa, ana sayar da ita, ana ba da ita jingina, wani lokaci ma ba tare da gonar da take ciki ba. Gawo yana zubar da ganye da damina, don haka ba ya tare wa gero rana, yana ƙara wa ƙasa taki, da rani kuma ganyensa da 'ya'yansa su ne abincin dabba. Ko tarihin Gaya kansa da itace yake tafe, tunda Abagayawa, maƙeran da labarin baka ya ce daga nan suka tafi Dala neman tama, ba su ƙira sai da gawayi, kuma maƙeri har gobe gawayin kirya yake nema.

To a nan ne bambancin da takardar nan ta dogara a kai ya fito. Ilimin gandun daji yana kallon itatuwa a dunƙule: kadada nawa, tsiro nawa a kowace kadada, yaushe za a sare, katako nawa za a samu. Ilimin kula da bishiya kuwa ɗaya-ɗaya yake bin su. Yana tambaya ko wannan tsamiyar ta bakin kasuwa tana da kogo a ciki, ko wancan reshen darbejiyar da ya rufe ajin yara zai jure guguwar farkon damina, ko ta ina za a datse reshen ɗorawar da kauci ya kama ba tare da an kashe uwar ba. Tambayoyin mutanen Gaya da Ajingi na kullum irin na biyun ne, kwalayenmu kuma kusan duk na farkon ne.

Hanyoyin cikin gida

Hanya mafi kusa ita ce ta difloma. Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako da ke Dambatta tana koyar da fasahar gandun daji, haka kwalejojin tarayya da ke ƙarƙashin Cibiyar Binciken Gandun Daji ta Nijeriya, FRIN, mai hedikwata a Ibadan: ta Ibadan da aka kafa a 1941, da ta Jos ta 1958, da ta Afaka a Kaduna wadda ta fi karkata ga injuna. Tsarin sananne ne. Shekara 2 a karɓi ND, shekara 1 a yi aikin sanin makama, wasu 2 a karɓi HND, hukumar NBTE ce kuma ke tantance kwasa-kwasan. Ɗalibin da ya fito daga nan ya san rainon dashe, ya san jiƙa iri mai taurin ɓawo kafin shuka, ya san awon fili da tazarar rami da kafa shingen bishiyoyi mai karya iska. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma shi ake nema a ayyukan Hukumar Babbar Ganuwar Itatuwa da aka kafa da doka a 2015, wadda Kano da Jigawa suke cikin jihohinta 11, da shirin ACReSAL da Bankin Duniya ya amince wa dala miliyan 700 a ƙarshen 2021.

Hanya ta biyu digiri ce, shekara 5, da shekara guda a ciki ta aikin fili. Jami'ar Ibadan ce ta fara buɗe sashen gandun daji a 1963. Yau ɗan Ajingi ba ya buƙatar tafiya kudu, ga Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote a Wudil, ga Jami'ar Bayero, ga Jami'ar Tarayya ta Dutse, dukkansu tafiyar da ba ta kai ta kwana ba. Digiri yana ba da zurfin sanin ƙasa da ƙwayoyin cuta da lissafin bincike da tsara manufa, shi ne kuma tsanin hawa zuwa digiri na biyu, misali a Cibiyar Nazarin Noman Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa ta Jami'ar Bayero.

In za a faɗi gaskiya, abin da ke raba hanyoyin nan biyu a idon iyaye ba manhaja ba ce, matakin albashi ne. A aikin gwamnati an daɗe ana tsayar da mai HND a mataki na 14, mai digiri kuwa yana iya kaiwa na 17. Majalisar Tarayya ta zartar da ƙudirin soke wannan bambanci a 2021, amma bai samu sa hannun shugaban ƙasa na lokacin ba. Saboda haka uban da ya ce wa ɗansa ya jira JAMB ta baɗi ya nemi jami'a bai yi wauta ba, lissafin fansho ya yi. Sai dai lissafin yana aiki ne idan akwai gurbin aikin, gurabe kuwa a sashen gandun daji na jiha da na ƙaramar hukuma ba su kai yawan masu kwalin ba, ko kusa.

Akwai hanya ta uku da ake yawan mantawa, ta ilimin lambu da itatuwan marmari. Kwalejin Tarayya ta Dadin Kowa a Jihar Gombe a kan wannan aka kafa ta, cibiyar binciken lambu ta NIHORT tana da reshe a Bagauda, cibiyar NIFOR kuma tana da tashar binciken dabino a Dutse, ƙofa da ƙofa da Gaya. A ganina wannan hanya ta fi sauran kusa da aikin bishiya ɗaya-ɗaya, domin wanda ya koyi auren mangwaro da lemo da datsar gwaiba dole ya san yadda reshe yake fita da yadda rauni yake rufewa. Kuma zai iya buɗe wurin rainon dashe ya ci abinci ba tare da ya jira takardar ɗaukar aiki ba.

Takardun waje

Matasanmu masu shiga intanet sukan ci karo da takardun Amurka da Ingila, su yi zaton can ne maganin yake. Ya kamata a san abin da kowacce take aunawa.

Ƙungiyar ISA ta masu kula da bishiyoyi, wadda asalinta ya koma 1924 a Amurka, tana ba da shaidar ƙwararren mai kula da bishiya. Sharaɗin zama jarrabawar shi ne shekara 3 na cikakken aiki a fagen, ko a haɗa karatu da aikin. Tambayoyi 200 ne na zaɓen amsa, sun shafi halittar bishiya, da ƙasa, da dasawa, da datsa, da gano cuta, da auna haɗari, da tsaron lafiyar ma'aikaci. Abin da ya fi burge ni a tsarin shi ne shaidar ba ta har abada ba ce, duk shekara 3 sai an sabunta ta da shaidar ƙarin karatu na maki 30 ko a sake jarrabawa. Amma jarrabawa ce ta takarda. Mutum yana iya cinye ta bai taɓa hawa ko durumi ba, shi ya sa ƙungiyar ta ware wata shaida daban ta masu hawa.

Ingila ta bi ta wata fuskar. Takardun NPTC na hukumar City & Guilds gunduwa-gunduwa suke, kowacce da aikin hannu guda. Wadda ma'aikata suka saba kira CS30 ta gyaran zarton inji ce da yanka gungume, CS31 ta kayar da bishiyar da kaurinta bai wuce milimita 380 ba, CS38 ta hawa da igiya da ceto wanda ya maƙale a sama, CS39 ta aiki da zarton inji kana rataye. Mai jarrabawa yana tsaye yana kallonka, ko ka iya ko ba ka iya ba. A lura da tsarin: ba a barin mutum ya ɗauki inji ya hau sai ya nuna zai iya sauko da abokin aikinsa da ya ji ciwo.

Me ya sa waɗannan takardu suke da daraja a can? Saboda akwai mai tambayarsu. Dokar tsaron ma'aikata ta Ingila ta wajabta horo ga mai riƙe zarton inji, kamfanin inshora ba ya karɓar wanda ba shi da shaida, hukumar gari ba ta ba shi kwangila. A Gaya babu mai tambaya. Shugaban makarantar da reshe ya tsorata shi zai aika a kira mai gatari ne, a yi ciniki, sau da yawa ma itacen da aka sare shi ne ladan. Ga kuɗin jarrabawa da dala ko fam, ga littattafan da misalansu na itatuwan ƙasashen sanyi ne, inda ake datsa lokacin hunturu da bishiya take barci. Wane babi ne zai gaya maka lokacin datsar gawo, wanda ganyensa yake fitowa sa'ad da sauran suke zubarwa? Don haka ina ganin takardar ISA ta dace da wanda ya riga ya yi difloma ko digiri, ya yi shekaru a fili, yana kuma hangen aiki da ƙungiyoyin duniya ko manyan gidaje da ma'aikatu a Abuja da Legas ko ƙasashen Larabawa. Ga mai fara sana'a a Ajingi, kashe kuɗi ne a inda ba za su dawo ba.

Wannan ba ya nufin ilimin da ke cikinsu bai shafe mu ba. Alex Shigo, masanin hukumar gandun daji ta Amurka, ya nuna tun shekarun 1970 cewa bishiya ba ta warkar da rauni yadda jikin mutum yake yi. Killace wurin take yi, ta gina shinge a cikin itacen don kada ruɓa ta yaɗu. A gindin kowane reshe akwai wani kumburi kamar wuyan riga, a nan ƙarfin killacewar yake. Idan aka yanke reshe daf da wajen kumburin, raunin yana rufewa. Idan aka shafe shi har jikin uwar, ko aka bar dogon kututture, an buɗe wa ruɓa da gara ƙofa. Reshe mai nauyi kuma sau uku ake yankarsa: a fara tsaga shi ta ƙasa, a yanke ta sama can gaba kaɗan don ya faɗi bai yage ɓawo ba, sannan a gyara gindin. Wannan ƙa'ida ɗaya ce a kan kowace bishiya, ta Landan ko ta Gaya. Yawan kogon da muke gani a jikin tsofaffin darbejiyar makarantu da kasuwanni daga saran da aka yi musu shekarun baya ya samo asali. Mafi muni shi ne gundule kan bishiya gaba ɗaya. Tohon da ke biyo baya yana fitowa da sauri, ya yi tsawo, amma a fatar itacen kawai yake maƙale, shi ne kuma iskar watan Mayu da Yuni take fara jefowa kan kwano.

Masu hawa

Yanzu mu juyo ga waɗanda suke yin aikin a zahiri. Akwai makiyayin da ke sassaro ganyen gawo da marke da barandami. Akwai mai hawa kuka a kan turakun da aka kafa a jikinta, ya zazzago ganyen miya. Akwai mai kakkaɓar ɗorawa da tsamiya, da mai faskare, da mai zarton inji wanda ya koya a hannun maigidansa. Babu mai kwali a cikinsu, amma sun san abin da ba ya cikin manhaja. Sun san kukar da ake yawan askewa ba ta cika yin 'ya'ya ba, don haka akan bar wata domin garin kuka na kunu, a riƙa aske wata domin miya. Sun san gawon da aka yi wa mugun sara zai hana 'ya'ya a shekara mai zuwa. Sun san reshen da zai ɗauki mutum da wanda ba zai ɗauka ba, ko da yake wannan sanin wani lokaci da karaya ake biyan kuɗinsa, tunda babu igiya, babu hular kwano, babu wanda aka koya wa ceto.

Kada a ɗauka sanin manomi abin raini ne. Abin da ya faru a Maraɗi shaida ne. Daga 1983 Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya, ya fara jan hankalin manoma su daina ƙone tohon kututturan da ke gonakinsu, su zaɓi 'yan sanduna masu ƙarfi a kowane gindi, su rage sauran, su riƙa datse na ƙasa. Ba dashe, ba ban ruwa. An ƙiyasta cewa wannan dabara ta mayar da itatuwa kimanin miliyan 200 a kan kadada miliyan 5 a Jamhuriyar Nijar, galibi a jihohin Maraɗi da Damagaram, ita ce kuma ta jawo masa lambar yabo ta Right Livelihood a 2018. Datsa ce zalla, wato ainihin aikin mai kula da bishiya, kuma manoma ne suka koya wa juna. Sabara da kalgo da ke tohowa a gonakin Ajingi duk bazara, ana sassabe su ana ƙonewa, irin waɗancan kututturan ne.

Abin takaici shi ne dangantakar malamin daji da waɗannan mutane ta ginu ne a kan tara da kamu, tun dokokin gandun daji na zamanin Turawa da na En'e. Manomin da yake ganin bishiyar da ya raina za ta jawo masa sammaci gara ya tuge ta tun tana ƙarama. A Nijar ma sai da aka sassauta riƙon jami'an daji, manomi ya tabbata itacen nasa ne, sannan gonaki suka cika. Kwalin da ya koya wa yaro dokar kamu bai koya masa zama da Sarkin Noma da Ardo ba ya bar shi da rabin aiki.

Abin da za a auna kafin a zaɓa

Ga matashin da ke gabanmu, shawarata ba ta da ado. In burinsa ofis ne, ko koyarwa, ko bincike, ya nemi digiri, kada ya yaudari kansa. In sana'a yake so ya riƙe da hannunsa a cikin shekara 2 ko 3, difloma ta fi, musamman idan ya yi shekarar sanin makamarsa a wurin rainon dashe ko gonar itatuwan marmari maimakon zaman benci a sakatariya. Kowacce ya zaɓa, ya tabbatar NBTE ko hukumar jami'o'i ta NUC ta amince da kwas ɗin kansa, ba makarantar kawai ba, domin rashin wannan yana iya hana shi bautar ƙasa. Ya kuma je da ƙafarsa ya duba: akwai wurin raino mai rai? Akwai zarton inji mai aiki, ko a allo ake zana shi? Ɗaliban bara suna ina? Satifiket ɗin kwana uku da ake rabawa a otal bayan bita kuwa shaidar halarta ce, ba ta ƙwarewa ba, sai an gwada akan san na ƙwarai.

Giɓin da ya rage na hukumomi ne. NBTE tana da tsarin shaidar sana'o'i na ƙasa, NSQ, wanda aka fara da matakai 6, ana kuma auna mutum a wurin aikinsa, har da amincewa da abin da ya riga ya koya a hannun maigida. An gwada shi da masu sana'ar kasuwar Panteka a Kaduna tare da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna. Babu abin da zai hana a tsara ma'aunin sana'ar kula da bishiya a kan wannan turba, a aro tsarin gunduwa-gunduwa na Ingila, a cika shi da itatuwanmu. Matakin farko ya ƙunshi sanin itatuwan yanki da datsa daga ƙasa da rainon toho. Na biyu hawa da igiya da ceto. Na uku zarton inji da kayarwa kusa da gini ko wayar lantarki. Na sama kuma duba lafiyar bishiya da rubuta rahoto, inda mai ND zai shigo. A yi gwajin da Hausa, da baki da hannu, domin mai hawa kukar da ya shekara 20 yana yi bai kamata Turanci ya kayar da shi ba. Jami'ar Wudil da kwalejin Dambatta suna da malaman da za su iya zama masu tantancewa, idan su ma an fara horar da su hawan.

Sai dai mun riga mun ga cewa takarda ba ta da daraja sai da mai tambayarta, kuma wannan yana hannun ƙananan hukumomin Gaya da Ajingi da majalisar masarauta tun kafin Abuja ta motsa. Sashen aikin gona na ƙaramar hukuma zai iya buɗe rajistar masu sara da masu hawa, a bi ta hannun dagatai da masu unguwanni. Zai iya sa sharaɗi cewa duk bishiyar makaranta, ko asibiti, ko kasuwa, ko maƙabarta, ba mai taɓa ta sai wanda ke cikin rajistar. A kwangilar dashe kuma a raba biyan kuɗi, kashi na ƙarshe ya jira ƙidayar abin da ya rayu bayan rani biyu, a kuma rubuta sunan ma'aikacin da zai yi datsar farko a shekara ta uku.